Yadda Ake Rage Lokacin Zagaye a Wasan Tseren Mota

Kusan duk sabon shiga wasan bidiyo na tseren mota tuƙi iri ɗaya yake yi. Zai danne totur har ƙasa, sai kwana ta iso gabansa sannan ya tuna da birki, motar ta zarce cikin tsakuwa, ya lallaɓo ya dawo titi, ya sake dannewa. Idan ya gama zagaye ya leƙa jadawali, sai ya tarar wani mai mota irin tasa, a titi ɗaya, ya ba shi ratar sakan takwas ko goma. Daga nan zargi ya tashi: ko fad ɗina ne, wato abin riƙewan nan mai maɓallai da ake buga wasa da shi, ko wancan ya yi wa motarsa wani siddabaru. Yawanci babu ko ɗaya. Ratar tana ɓoye a wurare uku: inda ake taka birki, inda ake karya sitiyari, da lokacin da ake komawa kan totur. Na ukun nan ya fi sauran biyun nauyi, kuma shi ne sababbi ba sa kallo.

Kayan aiki

Da farko wasan kansa. Abin da zan bayyana yana aiki ne a wasannin da suke kwaikwayon halin mota na gaske: Gran Turismo 7 da ya fito a 2022 a kan PlayStation, Forza Motorsport a Xbox da kwamfuta, Assetto Corsa da ƙaninsa Assetto Corsa Competizione, iRacing wanda sai a kwamfuta kuma sai da kuɗin rajista, da jerin wasannin F1, wato na gasar tseren motoci ta Formula 1. A wasannin nishaɗi zalla, inda mota ke bugun bango ta wuce kamar ba a yi ba, rabin maganar nan ba ta da amfani.

Sai abin tuƙi. Sitiyari mai feda, irin Logitech G29 ko Thrustmaster T300, yana da daɗi domin yana turo maka hannu ka ji lokacin da tayoyin gaba suka fara sakin titi. Amma kada rashinsa ya tsayar da kai. Akwai masu buga lokaci mai ban mamaki da fad kawai. Sharaɗin shi ne ka ɗora totur da birki a kan maɓallan baya masu matsuwa a hankali, wato R2 da L2 a PlayStation ko RT da LT a Xbox. Maɓallin da bai san komai ba sai kunnawa da kashewa ba zai bar ka ka ba da rabin totur ba, alhali rabin totur shi ne rabin aikin. Idan allon rubutu na kwamfuta kaɗai gare ka, za ka iya koyon layi da wuraren birki da shi, sai dai ka bar mataimakan wasan a kunne, ka riƙa ɗan taɓa maɓalli kana saki maimakon dannewa gaba ɗaya.

Talabijin ma yana da nasa. Yawancin na zamani suna sarrafa hoto kafin su nuna shi, hakan kuma yana kawo jinkiri tsakanin motsin yatsanka da abin da idonka ke gani. Shiga saitin hoto ka kunna yanayin wasa. Idan wasan ya ba ka zaɓi tsakanin kyan hoto da saurin hoto, ɗauki saurin. Hoto 60 a sakan ya fi maka amfani a kan inuwar bishiya mai kyau.

Ka sa abin kunne ko ka ƙara sauti, domin kukan taya da ƙarar inji bayani ne. Ka kuma ajiye takarda da biro kusa.

Mataki na 1: Mota ɗaya, titi ɗaya

Shiga sashen gwajin lokaci, inda babu kowa a titi sai kai. Zaɓi mota mai matsakaicin ƙarfi. Mazda MX-5 ita ce wadda na fi ba sababbi shawara, kuma da ita iRacing ke fara wa sabon direba. Ba ta da ƙarfin da za ta rufe maka kuskure. Idan ka ɓarar da gudu a kwana, za ka daɗe kana biyan bashinsa a miƙaƙƙiyar hanya, idonka yana gani. Motar F1 kuwa komai nata yana faruwa ne kafin ka gama tunani, ba za ka ma san inda ka yi kuskuren ba.

Titi ya zama gajere. Tsukuba ta Japan kilomita 2 ce da ɗan ɗoriya. Gajeren zagayen Brands Hatch a Ingila bai cika kilomita 2 ba. Red Bull Ring ta Ostiriya tana da kwana 10 a kilomita 4.3, kuma tana da sauƙin haddacewa. Monza ta Italiya ta kai kilomita 5.8, amma kwanoninta kaɗan ne, ta dace da koyon birki. Kada ka fara da Nordschleife ta Jamus. Ta haura kilomita 20, kafin ka sake dawowa kan kwanar da ta kayar da kai ka manta abin da ya faru.

Ka zauna a kan wannan mota da wannan titi. Yawan canje-canje shi ke sa mutum ya shekara yana wasa hannunsa bai gyaru ba.

Mataki na 2: Mataimaka da mazauni

Kashe birkin da wasan ke taka maka, kashe sitiyarin da yake juya maka. Waɗannan biyun ba taimako ba ne, su suke tuƙin, kuma tuƙi mai tsoro suke yi.

ABS, wanda ke hana taya ƙamewa idan ka taka birki da ƙarfi, bar shi a kunne. Babu abin kunya a ciki, motocin GT3 na gaske, wato wani rukunin motocin tsere, su ma suna da shi. Haka mai hana tayoyin tuƙi walwala, wato juyawa a banza ba tare da riƙe titi ba, wanda za ka gani an rubuta TC ko TCS. A Gran Turismo 7 yana tafiya daga 0 zuwa 5. Fara da 2 ko 3, kana saba wa motar kana ragewa. Idan ya yi yawa yana yanke maka ƙarfin inji daidai lokacin da kake fitowa daga kwana, wato wurin da ka fi buƙatarsa. Motocin F1 na gaske ba su da ko ɗaya cikin biyun, shi ya sa kashe su a wasan F1 yake da wuya, kuma ba aikin makon farko ba ne.

Layin nan mai launi da wasan ke shimfiɗawa a titi yana da amfani a zagaye goma na farko. Bayan nan kashe shi. Muddin yana nan idonka a ƙasa yake, gab da hancin mota, kana jiran kore ya koma ja. Ranar da ka shiga tsere wata mota ta rufe maka shi, ka zama makaho.

Mazaunin kyamara kuwa, ɗauki na kan bonet ko na cikin mota. Na bayan mota yana nuna faɗin titi da kyau, amma yana ɓoye gudu kuma yana sa a makara wajen jin zamewa. Duk wanda ka zaɓa, tsaya a kansa, domin alamomin birkinka suna canza kama idan ka canza mazauni.

Mataki na 3: Haddace titi

Yi zagaye biyar zuwa goma da gudun da ba zai fitar da kai daga titi ba ko sau ɗaya. Kada ka kalli agogo. Abin da kake nema shi ne, kafin kowace kwana ta bayyana, ka riga ka san dama ce ko hagu, mai tsanani ce ko mai laushi, da abin da ke biye da ita.

A nan takarda ke shigowa. Kowace kwana ka nemo mata alama uku: wurin taka birki, wurin karya sitiyari, da wurin da motar za ta fi kusantar gefen ciki. Yawancin filaye suna da alluna a gefe masu lamba 200, 150, 100, 50, wato mitocin da suka rage a isa kwana. Inda babu allo, nemi abin da ba ya motsi: farkon dakalin nan mai ja da fari na gefen titi, ƙarshen shinge, gada, wurin da kwalta ta canza launi. Kada ka ɗauki inuwa a matsayin alama, domin wasanni da yawa suna tafiyar da rana, inuwar za ta gusa. Allon kwali ma wani zai iya kaɗe shi a tsere, don haka yana da kyau ka san abin da ke kusa da shi.

Mataki na 4: Layi

Ka'idar ita ce waje, ciki, waje. Idan kwanar dama ce, ka tunkare ta daga can gefen hagu, ka yanko zuwa gefen dama a tsakiyarta, ka bar motar ta buɗe zuwa hagu wajen fita. Dalili kuwa, gwargwadon faɗin bakan da mota ke bi, gwargwadon gudun da taya za ta iya ɗauka ba tare da ta zame ba. Wurin da ka taɓa gefen ciki shi zan riƙa kira cibiyar kwana.

Idan na ce can gefe, ina nufin taya a kan farin layi. Sababbi suna barin mita ɗaya ko biyu a kowane ɓangare don tsoro, su mayar da titi mai faɗi siriri. Kalli maimaicin zagayenka daga waje, za ka yi mamakin filin da ka bari.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne saurin karya sitiyari. Ido ya ga kwana, hannu ya juya. Sai ka taɓa gefen ciki da wuri, kwanar kuma ba ta ƙare ba, titi ya ƙare maka a wajen fita, dole ka ɗaga ƙafa daga totur ko ka ƙara sitiyari. Alamar da za ka gane ita ce: duk lokacin da ka sami kanka kana ƙara juya sitiyari bayan ka wuce cibiya, ka shiga da wuri. Maganinsa ka ɗan jinkirta karyawa, ka mayar da cibiyarka gaba kaɗan da tsakiyar kwanar. Shigar za ta yi tsanani, amma fitar za ta miƙe, kuma za ka koma kan totur da wuri.

Ido kuma ya riƙa riga mota. Kana kan birki, idonka na kan cibiya. Kana isa cibiya, idonka ya riga ya tafi wurin fita. Mota tana bin inda kake kallo. Wanda ya ƙura wa bango ido don kada ya buge shi, shi ne ke bugunsa.

Mataki na 5: Birki

Lissafi kaɗan zai taimaka. Motar da ke gudun kilomita 200 a awa tana cin kusan mita 56 a kowane sakan. Idan ka makara da kashi ɗaya cikin goma na sakan, ka wuce alamarka da fiye da mita biyar, tsawon mota guda da ɗoriya. Sannan nisan tsayawa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata yana kusan ninkawa sau huɗu. Shi ya sa ba a taka birki da ji a jiki. Da alama ake takawa.

Yadda ake takawa: motar tana miƙe, sitiyari a tsaye, ka taka da ƙarfi nan take. Mafi ƙarfin birki a farko yake, lokacin da gudu ya fi yawa, daga nan ana ragewa. Direban titi akasin haka ya saba, ya fara a hankali ya ƙara matsawa a ƙarshe don kada fasinja ya wuntsila. A tsere wannan ɗabi'ar tana cinye mitoci a banza, kuma tana sa taya ƙamewa a daidai bakin kwana.

Ɗauki kwanar farko ta Monza. Kana fitowa daga miƙaƙƙiyar hanyar da ta haura kilomita ɗaya, a motar GT3 gudunka ya wuce 260, gabanka kuma akwai karyawa dama sannan hagu nan take, wadda sai a giya ta ɗaya ko ta biyu ake shiga. Titin yana tsukewa a idonka, allon 200 ya wuce kamar walƙiya. A irin wannan motar wajen allon 150 ake takawa. Kai ka fara daga 200. Za ka ga ka rage gudu tun kafin kwanar, har kana jira. To, zagaye na gaba ka matsa gaba da kamar mita goma. Na gaba ka ƙara goma. Ranar da ka ga ka kasa taɓa cibiyar dama, ka koma baya taki ɗaya, ka rubuta. Wannan ce alamarka a wannan motar da waɗannan tayoyin.

Daga wuri ake matsowa, ba daga makara ake ja da baya ba. Wanda ya fara da makara, kowane zagaye a tsakuwa yake ƙarewa, bai koyi komai game da kwanar ba.

Ka lura da tudu da gangara. Kwana ta uku a Red Bull Ring a saman hawa take, hawan yana taya ka rage gudu, kana iya jinkirta birki fiye da yadda ido ke faɗa maka. Kwana ta huɗu kuwa gangarowa ake yi, can sai ka taka da wuri.

Ga abin da sababbi ba sa son ji: jinkirta birki ba shi ne ke kawo manyan sakanni ba. Idan ka matsa alamarka da mita goma, abin da ka samu bai wuce ƙiftawar ido ba. Idan kuma garin haka ka ɓata fita, ka yi asarar ninkinsa.

Mataki na 6: Sakin birki

Wannan ne matakin da ya raba masu gudu da sauran jama'a, kuma shi ya fi cin lokaci wajen koyo.

Taya tana da iyakar riƙon da za ta iya yi wa titi. Idan birki ya cinye riƙon duka, babu abin da ya rage na juyawa. Shi ya sa mai danne birki har ƙasa yana murɗa sitiyari, motar miƙewa take yi. Ka ɗauka akwai igiya ɗaure daga ƙasan sitiyari zuwa babban yatsan ƙafarka. Sitiyari na tsaye, igiyar a sake take, kana iya takawa har ƙasa. Kana fara juyawa, igiyar tana jan ƙafarka sama. Gwargwadon juyi, gwargwadon ɗagawa.

Abu na biyu shi ne nauyi. Birki yana tura nauyin mota gaba, ya danne tayoyin gaba a ƙasa, su ƙara riƙo. Idan ka saki birki farat ɗaya kafin ka juya, hancin motar zai ɗago, nauyin ya koma baya, tayoyin da kake son su juya maka mota su yi sako-sako a daidai lokacin da kake buƙatarsu. Don haka ba a cire ƙafa, janye ta ake yi. Ka gama babban birki a miƙe, ka fara karyawa da ɗan saura a ƙafarka, kamar kashi 20 ko 30 cikin 100, kana zare shi sannu a hankali har ya ƙare dab da cibiya. Idan ka dace za ka ji hancin motar yana shiga kwanar da kansa, ba ka ƙara sitiyari ba.

Kusan kowane wasa yana nuna sandar birki da ta totur a ƙasan allo. Kalle ta a maimaici. Ta mai kyau tana tashi tsaye ta sauko a gangare. Ta sabon shiga tana tashi ta faɗo kamar an yanke ta da wuƙa.

Idan ka yi yawa, bayan motar zai yi sauƙi ya fara zagayowa gaba. Idan hakan na faruwa, rage sauran birkin da kake shiga da shi. A kwanoni masu gudu sosai kuwa, irin 130R ta titin Suzuka a Japan, ba a shiga da birki mai nauyi. Ɗan taɓawa ko ɗaga ƙafa tun a miƙe ya wadatar, a wasu motocin ma ba a ɗagawa.

Mai fad ya gwada wannan: ya riƙe maɓallin birki da gaɓar farko ta yatsa, ba da tsakiyarsa ba, ya yi ta gwada sakinsa cikin sakan ɗaya cur motar tana tsaye yana kallon sandar. Idan maɓallin ya cika saurin kaiwa ƙarshe, wasanni da yawa suna barin a gyara hakan a saiti.

Mataki na 7: Totur da fita

Duk abin da ya gabata shiri ne domin wannan. Gudun da ka fito da shi daga kwana yana bin ka har ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya. A ce mota biyu sun bi hanya mai tsawon kilomita ɗaya, ɗaya a matsakaicin gudun 200, ɗayar 205. Ta biyun za ta riga isa da kusan kashi huɗu cikin goma na sakan. Daga kwana ɗaya ke nan. Babu jinkirin birkin da zai ba ka wannan.

Dokar ita ce: kada ka taɓa totur sai ka tabbata ba za ka sake ɗagawa ba. Taka, saki, taka, saki yana girgiza nauyin mota gaba da baya, kuma shaida ce cewa ka fara da wuri. Jira motar ta juyo, hancinta ya kalli wurin fita, sannan ka fara matsawa kana warware sitiyari a lokaci guda. Sitiyari na miƙewa, ƙafa na sauka.

Jiran nan yana da wuya. Rabin sakan ne, amma ji za ka yi kamar kowa na wuce ka. Daure.

Matsala biyu za ka haɗu da su. Ta farko, gaban mota ya ƙi bin sitiyari, tana ta buɗewa waje tayoyin gaba suna kuka. Kada ka ƙara murɗawa, tayar da ta riga ta zame ƙarin juyi ba ya dawo da ita. Sassauta totur, ka ma ɗan warware sitiyarin, riƙo zai dawo. Ta biyu, bayan mota ya fita, abin da motoci masu tuƙi da tayoyin baya suka fi yi idan an danne totur da gaggawa. Juya sitiyari zuwa ɓangaren da bayan ya nufa, da sauri amma kaɗan, ka sassauta totur ba tare da ka sake shi gaba ɗaya ba, kuma ka shirya miƙe sitiyarin da zarar ta kama. Yawancin juyin da ke jefa mutum bango ba zamewar farko ce ke kawo shi ba, makarar dawo da sitiyari ce.

Zamewa tana da kyan kallo, hayaƙi na tashi. A kan kwalta dai asarar lokaci ce, kuma tana dafa tayoyin baya su ƙara santsi a kwana ta gaba.

Mataki na 8: Giya

Da zarar layi da birki sun zauna, koma canza giya da hannu. Mai canzawa da kansa ba ya sanin kwana na zuwa, yakan canza a tsakiyarta ya girgiza motar. Sauke giya ɗaya bayan ɗaya kana kan birki, kada ka zubo su a tare, domin saukewa da wuri na iya ƙamar da tayoyin baya. Idan motar tana yawan walwala wajen fita daga wata kwana, gwada ta da giya ɗaya sama. Inji zai yi kamar ya yi sanyi, amma sau da yawa agogo yana nuna akasin haka.

Mataki na 9: Ba kowace kwana ce ke da daraja ɗaya ba

Ɗauki taswirar titin ka yi wa kwanonin da ke buɗewa zuwa doguwar hanya alama. Su za ka fara gyarawa. A Monza, kwanar ƙarshe, Parabolica, ita ke ba ka gudun da za ka bi dogon titin farawa da shi. A Spa ta Beljiyam, yadda ka fito daga kwanar La Source da yadda ka haye kwanonin Eau Rouge da Raidillon su ke yanke hukuncin gudunka har ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar Kemmel. A Suzuka, kwanar Spoon ce.

Inda kwanoni suka zo a jere, ta ƙarshe ce sarauniya, sauran yi mata hidima suke yi. A karyawa biyu irin ta farkon Monza, idan ka shiga ta dama da zafi, za ka tsinci kanka a gefen da bai dace ba don shiga ta hagu, fitarka ta lalace. Sadaukar da ta farkon: rage gudu, manne a dama, don ta biyun ta miƙe maka. Haka jerin lanƙwasar nan na farkon Suzuka, hagu, dama, hagu, dama. Wanda ya buɗe har gefe bayan ta farko ya makara a duk sauran. A can ana zama kusa da tsakiyar titi, ana wasa da rabin totur.

Dakalin gefe kuwa, wani a kwance yake ana hawansa a rage hanya, wani yana da tudu yana cilla mota sama. Gwada kowanne a hankali sau ɗaya ka san halinsa. Ka kuma san iyakar da wasanka ya yarda da ita. A yawancinsu idan tayoyi huɗu suka tsallake iyaka an soke zagayen, amma inda aka ja iyakar ya bambanta daga wasa zuwa wasa.

Mataki na 10: Auna kanka

Kunna motar inuwa, wadda ke maimaita zagayenka mafi kyau, da agogon da ke nuna ko kana gaba ko kana baya. Idan wasan yana barin a sauko da inuwar wani, kada ka ɗauki ta na ɗaya a duniya, zai ɓace maka tun kwana ta biyu. Ɗauki wanda ya fi ka da sakan ɗaya ko biyu. Ka lura da inda yake tsere maka. Kusan kullum za ka ga kuna shiga kwana tare, har kana ɗan cim masa, amma wajen fita ya yi gaba. Idan inuwar tana ɗauke maka hankali kana binta maimakon alamominka, kashe ta, ka kalli maimaicinta daban kana duban sandunan birki da totur.

Kowane zama ka ɗauki kwana ɗaya ko biyu kawai. Canza abu ɗaya, yi zagaye uku, duba lokacin wannan sashe. A Gran Turismo 7 akwai sashen da ke yanka titi gunduwa-gunduwa don a maimaita kowane yanki shi kaɗai, yi amfani da shi. Inda babu irinsa, bi sauran titin a natse ka matsa a wurin da kake gyara.

Ka rabu da ɗabi'ar danna sake farawa duk lokacin da ka yi kuskure a kwanar farko. Masu yin haka sun ƙware a farkon titi, ƙarshensa kuwa baƙo ne a wurinsu. Kammala zagayen. Ma'aunin da nake amfani da shi kafin in ce mutum ya fara matsawa shi ne ya jera zagaye biyar tsabtatattu, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce rabin sakan ba. Idan kuma ka ga lokacinka ya fara lalacewa kafaɗunka sun ƙame, ajiye fad ka tashi. Hannun da ya gaji kuskure yake haddacewa.

Mataki na 11: Saitin mota

Na bar shi a baya da gangan. Saiti yana ba da ɓurɓushin sakan, tuƙi yana ba da sakanni. Wanda bai iya jera zagaye iri ɗaya ba, ba zai ma gane ko canjin da ya yi ya taimaka ba.

Idan lokacin ya yi, fara da abu uku. Rabon birki tsakanin gaba da baya: matsar da shi baya kaɗan idan motar tana ƙin shiga kwana, mayar da shi gaba idan bayanta na rawa a kan birki. Fiffike: ƙara shi yana ƙara riƙo a kwana mai gudu amma yana rage gudun miƙaƙƙiyar hanya, shi ya sa ake rage shi a Monza. Sai tsawon giya, a daidaita ta yadda ta ƙarshe za ta kusa cika a ƙarshen hanya mafi tsawo ba tare da inji ya buga iyaka ba. Abu ɗaya a lokaci guda, kana rubuta lambar da ka taras kafin ka taɓa.

Mataki na 12: Zagayen neman lokaci

Zagaye mai kyau yana farawa tun kafin layin farawa. A wasannin da ke lissafa zafin taya, irin Assetto Corsa Competizione da iRacing, tayar da ta fito daga gareji sanyi gare ta, ba ta riƙo. Ba ta zagaye ɗaya ko biyu ta ɗumama, kana taka birki da ƙarfi a miƙe, ba tare da ka zamar da ita ba. Inda aka ba ka damar zaɓar yawan mai, zuba na zagaye kaɗan, domin mota mai sauƙi ta fi tsayawa da tashi.

A kwanar ƙarshe ta zagayen shiri, manta da lokacin shiga. Rage gudu da wuri, buɗe layi sosai, ka fito da mafi girman gudun da za ka iya, tunda agogo bai fara ba sai ka taka layi. Daga nan kada ka yi wani abu sabo. Taka birki a alamomin da ke kan takardarka, ba mita goma gaba ba don yau kana jin ƙarfi. Idan agogon bambanci ya nuna kore, wato kana gaba, a tsakiyar zagaye, ɗauke ido daga kansa ka mayar kan cibiya ta gaba. Idan kwana ɗaya ta ɗan kuɓuce, kada ka nemi ramawa a ta gaba, bi ta yadda ka saba.

Idan lokacinka ya tsaya wuri ɗaya kwana da kwanaki, koma mataki na 6 da na 7 ka kalli sandunan nan biyu a maimaici, kwana bayan kwana, ka nemo inda birki ya yanke farat ɗaya ko inda totur ya hau ya sauko. Idan ka gyara waɗannan, ɗauki motar nan dai ka kai ta titi na biyu, ka fara daga mataki na 3 da sabuwar takarda.